Ɗakin Dutsen da Kakan Kakata Ya Gina

A ƙauyenmu da ke kan hanyar Gulma, ɗaki ɗaya ne kawai na dutse. Kakan kakata ne ya gina shi tun wurin yana daji, bayan ambaliya ta cinye masa bukka sau biyu. Sai ya riƙa sassaƙo marmara daga tudu yana ɗaukowa a kan jaki, har ya tayar da bangon da ya fi kamu biyu kauri. Mutane suka ga ya zauna lafiya, suka biyo shi.

Mu dai mun taso mun tarar kakata na ajiye albasa a ciki, saboda sanyinsa.

Shekarar da na fara koyarwa a Birnin Kebbi, na zo hutu sai ga mota daga Sakkwato. Ma'aikata biyu ne na ɓangaren adana kayan tarihi. Babbansu ya durƙusa ya gaishe da kaka, ya ce gwamnati na son ta kewaye ɗakin, ta kafa allo, a kwashe abin da ke ciki.

"A kwashe mi?" in ji ta.

"Albasar, Inna."

"Ɗana, wanda yag gina ɗakin ga manomi ne. In kun fid da albasa, mi za ku nuna ma baƙi? Bango?"

Mutumin ya dube ni, wai in taya shi lallashi. Na sunkuyar da kai ina danne dariya. Ya shiga ɗakin ya zagaya, ya fito yana atishawa, ya zauna a tabarma. Aka kawo masa tuwon shinkafa da miyar kifi. Kafin ya wanke hannu sun daidaita: za a kafa allo, a gyara rufi, albasa ta koma kusurwa ɗaya, makulli kuma ya zauna a hannunta.

Bayan damina na kawo ɗalibaina. Na tsaya a ƙofa ina karanto musu bayanin da na shirya, kaka ta katse ni, ta ce na tsallake labarin jakin. Ta sa kowa ya dafa bangon, ta nuna musu inda gatari ya bar shaida, ta kwatanta yadda jakin ke zaunewa a tsakiyar hanya in ya gaji. Yaran suka yi ta ƙyalƙyala dariya.

Na ninke takardata, na samu gefen tabarma na zauna tare da su.