Kibod a Ɗakin Takaba

A shekarun da na yi ina buga takardu a wani ofishi na jami'a a Samaru, babu aikin da ya bar mini ɗaci a baki kamar na kwamfutocin kyauta. Har yau idan na ji an ce 'yan sa-kai, raina yakan ɓaci kafin in tuna dalili.

Wata ƙungiya ce daga ƙasar waje ta aiko da tsofaffin kwamfutoci, ta ce a raba wa iyalai marasa ƙarfi a Sabon Gari da kewaye, musamman matan da aka bari da marayu. An goge su tas, an zuba musu wata manhaja ta kyauta wadda ba ta kowane kamfani ba ce, kowa na iya kwafa ya ba wani ba tare da an kira shi ɓarawo ba. A cikinta har da darasin da ke koya wa mutum buga rubutu da yatsu goma, harafi bayan harafi. Sharaɗin masu kyautar guda ne: a samo masu koyarwa da za su riƙa bi gida-gida.

Aka kafa kwamiti, kamar yadda muke yi wa komai. Shugabanmu wani tsohon jami'in ilimi ne da ya yi ritaya, mai son a ce masa ranka ya daɗe. Akwai fasto, akwai liman, akwai 'yan kasuwa biyu daga unguwar shaguna ta PZ, sai ni. Ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce kuma na taɓa kunna kwamfuta, saboda haka aka damƙa mini filas ɗin shayi da aikin neman 'yan sa-kai.

Neman ma ba a sakar mini shi ba. Shugaba da kansa ya tsara sanarwar da aka karanta a masallacin Juma'a da majami'a, cewa ana neman samari masu jini a jika. Da na ce a sa har da 'yan mata, sai ya ce yawon gida-gida a kan acaɓa ba aikin mata ba ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, rabin gidajen nan an rubuta ba shiga a ƙofarsu. Wa samarin za su koya wa?" Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Fasto ya shiga goge tabarau. Liman ba ya son a yi zancen kulle a gaban fasto, fasto kuma ba ya son a ce ya tsoma baki a addinin maƙwabta. Kowa a ɗakin nan ya san gaskiya na faɗa, amma kara ta hana kowa magana. Shugaba ya ce za a san yadda za a yi, aka shafa fatiha, fasto ma ya yi tasa addu'ar.

Samari suka zo, yawancinsu ɗaliban da ke haya a Bomo. Tambayar farko ta kowannensu ita ce, "Anti, akwai alawus?" Idan na ce babu, sai ta biyu ta biyo: "To satifiket ɗin fa, da tambarin Turawan zai zo?" Wannan kam akwai, kuma shi ya riƙe su. Na ware wata Asabar don in nuna musu yadda manhajar take, tunda babu wanda ya taɓa ganin irinta a cikinsu. Suka karɓi rigunan da aka buga musu, suka ce ai kwamfuta duk kwamfuta ce, suka watse kafin azahar. A makon ne wasu ɗalibai mata uku suka same ni a ofis suna son shiga. Shugaba ya ce riguna sun ƙare, kuma ba za a tura mutum gidan jama'a ba riga ba.

Bayan an yi rabo da 'yan makonni na fara zagaye don in ga yadda karatu ke tafiya. A gidajen 'yan kudu na cikin Sabon Gari abin da ɗan dama-dama, ko ba komai yara suna taɓawa. Sai na isa wani gida a Jushi, inda aka ba da kwamfuta ga wata mata da mijinta direba ya rasu a haɗarin mota ana saura kwanaki a yi rabon.

A zaure na tarar da kwamfutar, an ɗora ta a kan benci an jawo mata waya daga shagon maƙwabci. Wan mamacin, wani Alhaji mai sayar da kayan gini, yana zaune gabanta da abokansa biyu, ɗan sa-kanmu kuma yana tsaye a bayansu cikin rigarsa, yana nuna musu yadda ake jera karta. Kallo ɗaya na yi wa gilashin na gane ba manhajarmu ba ce. Na ja yaron gefe na tambaye shi.

"Anti, wancan ɗin ba ya yin komai," in ji shi. "Na sayo faifai a PZ na sa musu orijina. Yanzu har fim yana yi."

Faifan sata ne, na 'yan kwabbai, shi yake kira orijina. Gaskiyar maganar ita ce ya kunna ya ga abin da bai sani ba, ya ji kunyar tambayar mace, sai ya share komai, har da darasin yatsu. Na ce ina mai kwamfutar? Ya ce ai tana takaba, bai taɓa ganin ko inuwarta ba. Amma duk Juma'a yana zuwa ya gaya wa shugaba cewa karatu na tafiya lafiya a Jushi.

Na yi sallama na shiga ciki. Na same ta a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ba kwalli ba lalle, tana tsince shinkafa. Ba za ta wuce shekara talatin ba, 'ya'yanta uku. Bayan na yi mata gaisuwa, ita ta fara ɗauko zancen. Ta gama sakandare kafin aure. Wata tsohuwar maƙwabciyarsu 'yar kudu, wadda kowa ke ce wa Madam, tana da shagon buga takardu a PZ, kuma ranar da ta zo ta'aziyya ta yi mata alkawari: idan ta iya buga rubutu kafin lokacin da ɗalibai ke kawo furojet, wato rubutun kammala karatunsu, za ta ba ta kujera. In ba haka ba, ita da yaran sai abin da Alhaji ya ga dama ya miƙo.

"Malama," ta ce, "wata huɗun nan ba ni da abin yi sai zama. Da an shigo mini da ita, da yanzu na yi nisa. Ina jin ƙaranta daga nan."

Na koma zaure na durƙusa na gaishe da Alhaji yadda ya kamata, na roƙe shi a shigar da kwamfutar ciki, ni zan riƙa zuwa bayan tashi daga aiki. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce mai takaba ba ta ado, ba ta turare, ba ta nishaɗi, wannan abu kuwa da talabijin duk ɗaya ne. Na ce kayan koyon sana'a ne. Ya nuna mini gilashin, inda wata 'yar Indiya ke rawa a cikin ruwan sama, ya ce, "Wannan ne sana'an?" Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da hannun yaron da na ɗauka aka ƙera masa wannan hujja.

Na kai ƙara wurin limamin kwamiti. A keɓe ya ce mini babu inda addini ya hana mai takaba koyon abin da za ta ci da marayu. Na ce to ya je ya faɗa wa Alhaji. Ya ce shiga tsakanin mutum da iyalin ƙaninsa sai a hankali. Shugaba kuma ya ce gida kwamiti ya ba kwamfutar, kuma ga ta a gidan.

Da na ga ba ci, sai na lura da wani abu. Karta da fim ba sa bukatar komai sai maus, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur. Kibod kuwa, wato allon haruffan, an jingine shi a bango, har kaza ta yi masa kashi. Na ce wa Alhaji ko zai ba ni aron wannan. Ya yi dariya ya ce in ɗauka, dama cin wuri yake yi.

Haka muka yi karatun ni da mai takabar. Ta ɗora kibod a cinya, wayarsa na reto ba a haɗe da komai ba, ni ina karanta mata tsohuwar jarida, ina kallon yatsunta. Idan ta kuskure in ce ta kuskure, don babu gilashin da zai gaya mata. Na rufe mata hannu da ɗankwali don kada ta riƙa leƙe. Idan na tafi, babbar 'yarta ke karanta mata littafin makaranta. Ban taɓa koyar da mai naci irinta ba. Tun tana danna harafi kamar mai tsoron ƙuna, har ta kai ina jin ƙarar yatsunta tun daga zaure, tana gauraya da kiɗan fim. Sauran abubuwan kuwa sai dai da baki: na zana mata gilashi a bayan kalanda, na ba ta sabulun wanki ta riƙa ja a kan tabarma a matsayin maus. Mukan yi dariya, amma idan na hau acaɓa zan koma Samaru, haushi ke cika ni, don abin na gaske yana can bayan bango ɗaya.

Ana cikin haka aka yi bikin rufe shiri a wani ɗakin taro a Sabon Gari. Baƙuwa ta zo daga ƙungiyar, aka yi jawabai a kan zaman lafiya, aka ci shinkafa da kaza. Samari suka jeru cikin rigunansu suna karɓar satifiket ana tafi. Aka kai baƙuwar Jushi, ta ɗauki hoton Alhaji da hannunsa a kan maus, yana wakiltar iyali. Na buɗe baki zan yi mata bayani, shugaba ya ce in je in duba ko lemo ya isa.

Ranar da ɗalibar tawa ta fita takaba, Madam ta aiko cewa ɗalibai sun fara layi, ko ta zo gobe ko a ba wani kujerar. Na so in kai ta ofishinmu ko na yini ɗaya ta taɓa kwamfuta ta gaske, amma babu lokaci. Da safe na raka ta PZ. Ta sa kwalli, ta sa kibod ɗinta a jaka kamar za a ce ta zo da nata.

Shagon ƙarami ne, janareta na ruri a ƙofa, ɗalibai sun cika benci kowa da damin takardu. Madam ta rungume ta, ta zaunar da ita, ta buɗe mata shafi, ta ajiye rubutun wani ɗalibi a gefenta. Yatsunta suka sauka inda ya kamata. Haruffa suka fara fitowa, sai na ga ta tsaya cak tana kallo, don ranar ce ta fara ganin abin da hannunta ke rubutawa. Ta ci gaba, ta cika shafi da sauri har ɗalibin ya gyara zama.

Sai Madam ta ce ta adana aikin ta buɗe sabon shafi. Ta kama maus. Sabulu ba ya gudu, wannan kuwa da ta taɓa shi 'yar kibiyar da ke kan gilashin ta tsere can ƙurya. Ta jawo ta, ta wuce. Ta danna inda ba nan ba, wani akwati ya fito da tambaya, ta sake dannawa, shafin duka ya ɓace. Ɗalibin ya yi tsaki ya tattara takardunsa. Na ce wa Madam kwana biyu kawai take bukata. Madam ta dubi layin, ta dube ni, ta ce cikin Hausarta ta Sabon Gari, "Wallahi ina son shi, amma wannan lokaci ba na koyo ba ne. Idan aikin yaro ya ɓata, ni za su kama." Ban ga laifinta ba, ita kaɗai ce a duk labarin nan ta yi niyyar ba da wani abu nata. Kafin mu fita ta kira wata yarinya da ke jira a waje ta hau kujerar.

Muka koma Jushi. A zaure Alhaji yana nan da mutanensa. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya rage ƙarar fim ya ce yaya aka yi.

"Ba rabo, Yaya," ta ce.

"Ai dama na sani," in ji shi. "Abin nan sai wanda ya zauna aka koya mishi." Ya juya ga abokansa, suka gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Af, allon nan da Malama ta ara, a dawo da shi. Akwai wanda ya taya kwamfutan, ya ce ba zai saya ba sai da shi."

Na buɗe baki zan mayar masa da martani. Ta kama gefen mayafina ta ja a hankali, don ni zan koma Samaru, ita kuwa a gidan za ta kwana da yara uku. Ta zuge jakarta, ta fito da kibod ɗin, ta naɗe wayarsa tsaf, ta goge shi da bakin hijabinta, ta miƙa masa da hannu biyu. Sannan ta ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya."