Rijiyar Dakta Ɗanbaba

Benci ɗaya muka zauna da Ɗanbaba Idris a lakwal, wato makarantar ƙauyenmu, arewa da Tebaram. Kai dai yana da shi, ba zan hana masa wannan ba. Ya karanci ruwan ƙarƙashin ƙasa a Yamai, ya wuce Faransa, ya dawo da digirin dakta da tumbi. Yau lambobin yabo huɗu ne rataye a falonsa na Tawa, har da ta littafin da ya rubuta kan ƙishirwar ƙasar Adar. Ni kuwa na raina shi, kuma ina da dalili.

Yayarsa Hasana ce ta riƙe shi bayan rasuwar uwarsu. Shekara da shekaru tana roƙonsa rijiya ɗaya, ta huta da kora jaki ɗebo ruwa, ta yi lambun albasa. Bara waccan ya samo kuɗin aikin. Ya iso da mota da na'urorin awo a watan Oktoba, damina ta ɗauke ke nan, ƙasa a ƙoshe take. Aka fara gina rijiyar. Da aka tarar da ruwa a zurfin gaba goma, Yunusu, tsohon maginin rijiyarmu, ya ce masa:

"Dakta, mu ba mu tsaida gina sai bazara. Ruwan ga da kaka gani baƙo na. A bari shi sauka, mu bi shi ƙasa."

"Baba Yunusu, mun yi lissahi," in ji Dakta, yana duban agogo. Ashe ya riga ya gayyato masu ɗaukar hoto su zo a Disamba.

Nan aka tsaya, aka zuba siminti, aka kafa allon ƙarfe mai ɗauke da sunansa da digirorinsa har layi uku. Hasana ta sayar da awakinta duka, ta sayi iri da shinge.

Albasa ta fara yin kai a watan Maris, guga ya fara dawowa da laka. Hasana ta buga masa waya:

"Ɗanbaba, rijiya ta ƙahe."

"Yaya, canjin yanayi na. Ina bisa hanyar taro, in na komo mu gani."

A taron ne aka rataya masa lamba ta huɗu. Bai komo ba har yau, albasa ta ƙone a ƙasa.

Da na je gida hutu, na tarar Hasana ta tumɓuke allon ta kife shi a bakin rijiyar, ta danne da dutse. Ta ce kada akuyar maƙwabta ta faɗa, tunda ita yanzu ba ta da ko ɗaya.