Kwana Biyu na Bahaushe

Wautar tawa ce, na amsa. A takardar neman izini, inda ya kamata in faɗi ranar shiga da ranar fita, sai na rubuta za mu yi kwana biyu a daji.

Kakata ce mai son zuwa. An haife ta a wani ƙauye bayan Fagam, daga baya aka tashi mutanen, wurin ya zama gandun dajin gwamnati. Tun da ƙafafunta suka fara kumburi take cewa tana son ta ƙara ganin kufan gidansu da tsamiyar ƙofar gida. Ba za ta iya zuwa ta dawo a yini guda ba, kwana a gandu kuwa sai da takarda. Ni ne ɗan sakandaren gidan, ni na cika baki.

A Gwaram aka ce ba a nan ake bayarwa ba, in nufi Birnin Kudu. Can na zauna a bencin wani ofis har na ji gemu yana shirin tsiro mini. Da aka kira ni, ma'aikacin ya karanta, ya cire tabarau.

"Samari, kwana biyun gaske ko na Bahaushe? Ƙanena ya ce zai yi kwana biyu a Legas, yanzu 'ya'yansa Yarbanci suke yi."

Na rantse na gaske ne. Ya ce takarda ba ta jin rantsuwa, in sake rubutawa da kwanan wata, mai unguwa ya sa hannu. Na kawo. Ya cusa ta ƙarƙashin tulin fayil da ya fi ni tsawo, ya ce oga ya yi tafiya, in dawo bayan kwana biyu. Na tambaye shi wane iri. Bai yi dariya ba.

Kafin oga ya dawo ranakun da na rubuta sun wuce, aka ce in sake wata. Ita ma ta wuce. Na yi ta zarya har mai sayar da rake a bakin ofis ya ɗauka an ɗauke ni aiki.

Duk dawowata Kaka takan ce, "Raggon miji, ina takardata?" In ce mata tana teburin gwamna, ya hana kansa abinci yana karantawa. Da farko takan kai mini duka da mafici. Daga baya ta daina tambaya.

Damina ta sauka, rafi ya yanke hanyar gandun. Kaka ta rasu kafin kaka ta yi. Takardar ba ta fito ba, ni ma ban koma ba.