Ruwan da Bai Sauka a Kanmu Ba

Shekarar da na dawo daga bautar ƙasa ban samu aiki ba, ina zaune a gida a Birnin Kudu. Da yake ilimin ƙasa na karanta, dangi suka maishe ni mai duba musu sama. Ban taɓa cewa na iya ba. Abin da nake yi bai wuce in buɗe waya in karanta hasashen mako ba, in ɗaga kai in dubi gajimare, sannan in ce, "Wataƙila, amma Allah ne masani."

Ƙarshen damina na je wajen Kawu, yayan mahaifiyata, a wani ƙauye kusa da Zandam. Shinkafarsa ta fadamar bakin kogi ta nuna, an yanke ta. Ita ce abincin gidansa na shekara, don geron tudu bai yi kyau ba. Shawara biyu ke gabansa: ko a kwashe ta ɗanya a amalanke a kai gida, inda babu filin shanya, ko a bar ta a shimfiɗe a fadama kwana huɗu ta bushe, a buge ta a can.

"To, Malam mai digiri," in ji Kawu, "me akwatin naka ya ce?"

Na duba sau uku, in ban manta ba. Kwana bakwai a jere hoton rana ne. Na fita na dubi sama. Gizagizan da ke kanmu 'yan sirara ne, can ƙololuwa, kamar audugar da aka shiɓa, irin waɗanda aka koya mana ba sa ɗauke da ruwa. Na ce, "Kawu, bisa ga abin da na gani, da wuya a yi ruwa a nan makon nan. Ban dai ce tabbas ba."

"Kai ko sunanka aka tambaye ka sai ka ce wataƙila."

Bayan la'asar Inna, matar Kawu, tana tankaɗe a tsakar gida, ta nuna kudu da haɓa. Can nesa, wajen ƙasar Bauchi, wani hadari ya yi tsiri kamar dutse, kansa a baje, gindinsa baƙi ƙirin. Walƙiya na gilmawa a cikinsa, amma ko cida ba ma ji.

"Ɗan nan, wancan fa?"

Na yi mata bayani a tsanake. Na ce wannan shi ne gajimaren da ke kawo ruwa mai ƙarfi, amma yana da nisa ƙwarai, kuma iska ba wajenmu take koro shi ba. Ba zai zo ba.

"Shi ba zai zo ba," ta ce, ta ci gaba da tankaɗenta.

Na ɗauka yarda ta yi da ni. Kawu ya ce a bar shinkafa a fadama.

Hadarin bai zo ba kuwa. Washegari ma haka ya tsaya a kudu har magariba. Ko ɗigo bai taɓa mu ba.

Rana ta uku da hantsi muna zaune a ƙofar gida, rana ta take, wani makiyayi ya zo a guje yana cewa kogi ya kawo. Na tuna sai da na ɗaga kai sama tukuna. Tas take, ko ƙyallen gajimare babu.

Muka isa bakin fadama. Inda na taka busasshen yashi shekaranjiya, jan ruwa ne ke tafe da kumfa da itatuwa, ya haye gaɓa ya shiga fadama. Shinkafar Kawu na tashi sahu-sahu, tana juyawa a hankali tana bin ruwa. Zafin rana na dukan ƙeyata, ƙafafuna kuma cikin ruwa mai sanyi. Ruwan da aka kwana biyu ana yi a duwatsun kudu ne ya iso. Na san wannan. Na taɓa zana shi a jarrabawa, har da kibiyoyi. Amma da aka tambaye ni sama, sai na tsaya a sama.

Kawu ya tuɓe riga ya faɗa. Na bi shi, ban ma cire takalmi ba. Muka yi ta rungumo abin da hannu ya kai muna jefawa tudu, har ruwa ya kawo mana ƙirji, mutane suka yi ta ihu mu fito. Abin da muka tsirar, ina jin, bai cika amalanke ɗaya ba.

Na tsuguna gabansa. "Kawu, ku yafe mini. Ni na ce..."

"Ka ce ba za a yi ruwa ba. An yi?"

"Ba a yi ba."

"To. Ni da na tsufa a bakin kogin nan, me ya kai ni tambayar waya?" Ya matse gemunsa. "Tashi ka kama wancan damin."

A gida Inna ta share ɗaki guda, muka baza jiƙaƙƙiyar shinkafar har ƙarƙashin gado. Da za ta ɗora tuwon dare na ga ta cika kwanon awo, ta tsaya, ta mai da tafi biyu cikin buhu.