Fararen Kusa Uku da Inna Ta Ɓoye

Shekarar da nake karatun digiri na biyu na zo Gummi hutun Sallah da keji a cinyata. A ciki akwai fararen ɓeraye mata uku, dukansu da ciki. An rufe makaranta, mai kula da ɗakin dabbobi ya tafi garinsu, ni kuwa aikina gaba ɗaya yana cikin waɗannan cikkunan. Ranar da suka cika kwana goma dole in koma in fiɗe su in ciro 'yan tayin. In ranar ta wuce, zangon karatu ya tafi.

Inna ta leƙa kejin, ta ja da baya.

"Mi na na? Kusu kinka ɗauko muna tun daga birni? Na rumbu ba su ishe mu ba?"

Matar da ta ƙare rayuwarta tana yaƙi da kusu a kan buhunan shinkafa, ga shi 'yarta ta kawo mata su har gida, tana auna musu abinci da cokali. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta ce ita dai ba ta taɓa ganin kusu mai gata haka ba. Na gaji da bayani har na daina amsawa.

Kuskurena ɗaya, na zauna na yi wa Inna bayani da gaske. Tana tsince shinkafa a faifai, na ce mata akwai wata ƙwayar gado a jikin ɓera da ke sa a samu wani abu mai kama da danƙo. Shi ke manne ƙwayoyin halittar ɗan tayi wuri guda tun yana ɗan mitsitsi. In babu shi, sai su watse kamar tuwon da bai kama ba, cikin ya lalace. Ni ina son ganin inda danƙon yake taruwa a kwana na goma.

Hannunta ya tsaya a kan faifan. "To ƙaƙa za ki gane shi?"

Na ce sai an fiɗe uwar.

"Da cikin?"

Na ce da cikin. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ni kuma na ɗauka an wuce wurin.

Safiyar tafiyata na shirya jaka, na je ɗaukar keji, na tarar da shi wayam. Na duba bayan randa, na duba ƙarƙashin gado, na zargi kyanwar maƙwabta har na jefe ta da takalmi. Inna tana zaune tana dama fura kamar ba ta san ana yi ba.

"Inna, ina kusana?"

"Suna lahiya lau."

"Don Allah ki ba ni, mota za ta tashi."

"Ba ni ba ki. Ko akuya ba a yanka ta da ciki, ke ma kin sani. Gidanga ba a hwara ba, ba a hwarawa kanki."

Na roƙa, na yi fushi, na kawo maganar malamina da wahalar da na sha. Na ce mata wannan ba yanka ba ne, ilimi ne. Ta ce ita ilimin da ta sani ke nan. Raina ya ɓaci sosai, har na faɗi maganar da nake kunyarta yanzu: na ce wanda bai je makaranta ba ya daina sa baki a aikin makaranta. Mota ta tafi ta bar ni. Kwana biyu ba na cin tuwonta.

Bayan kamar kwana goma ta kira ni ɗakinta. Ta janyo tsohuwar tukunyar ƙasa daga bayan jeren kwanoninta, ta ɗaga faifai. Ga su nan kan tsumma, jajayen 'ya'ya tsirara suna motsi. Aikina ke nan ya zama zuri'a. Na buɗe baki zan fara sabon faɗa, sai ta riga ni.

"Danƙon ga da kinka ce, mutum ma yana da shi?"

Na ce yana da shi.

"Huɗu na zubar kahin ke. Kakarki ta ce zuwa hwadama ne, na cika ɗaukar kaya. Na yarda laihina ne." Ta gyara tsumman da yatsa. "Ko shi na bai kama ba?"

Ban sani ba, kuma haka na gaya mata. Na ce dalilan ɓari suna da yawa, wasu babu ruwansu da abin da uwa ta ɗauka. Shekara talatin tana ɗauke da maganar, ni kuma abin da ya dame ni zango ɗaya ne.

Ta rufe tukunyar, ta miƙo mini.

"Kwashe su ki koma. Ki yi aikinki can inda ban gani. Amma in kinka gano, ni za ki hwara gaya ma, kahin malamin naki."