Totuwar Masara a Aljihuna

Mutum uku suka mutu a layinmu a damina ɗaya saboda ramin da na tona. Ɗaya daga cikinsu matata ce. Ban taɓa faɗa wa kowa yadda abin ya kasance ba sai yau. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Wani da muke aiki tare ne yake rubuta min wannan. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya sa sunan kowa, kada ya ƙara gishiri.

A lokacin ina zaune a Gumel, gidan haya, ni da matata da 'yarmu mai shekara uku. Sana'ata lodin dabbobi. Ran Alhamis ina Maigatari tun safe, muna tura shanu da raguna cikin manyan motoci. Ina da ƙarfi, ba na jin maganar kowa. Akwai famfo a ƙofar gidanmu, amma ko an kawo ruwa ba ya da ƙarfin hawowa, sai iska. Gidajen gangare, da ke ƙasa da mu a kan bututu ɗaya, su suna samu. Duk wata kuma sai an kawo min takardar kuɗin ruwa kamar kowa. Na ce wa mai rabon takardar ba na sayen iska. Ya ce shi aike ne. Bayan wata biyu aka zo aka cire kan famfon aka toshe. Washegari na ɗauki diga na tona rami a gefen kwata, daidai ƙugu, har na iske bututun. Na huda shi. A can ƙasa ruwa yana zuwa sosai. Na samo totuwar masara na naɗe ta da leda da roba, ita ce murfi. Saman ramin na rufe da tsohon langa-langa.

Cikin mako guda rabin layi a ramina suke ɗiba. Matata ta sa min suna Manaja. In na shigo sai ta ce sannu da zuwa Manajan ruwa, yau ofis ya tashi da wuri. Matan layi suka kama, har masu neman aron bokiti sai su ce a gaida Manaja. Ina jin daɗin sunan, ba zan ɓoye ba.

Akwai wani tsoho a layin, Kirista ne, mutumin Filato, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa. Aikin famfo ya yi har ya ajiye. Baba muke ce masa. Wata rana ya tsaya a bakin ramin da sandarsa, an ɗauke ruwa ke nan. Ya ce ɗana, sauka ka cire wannan totuwar ka ɗora tafin hannunka a kan hujin. Na yi. Na ji bututun ya tsotsi hannuna, kamar bakin maraƙi. Ya ce to ka ji, in babu ruwa a ciki, sha yake yi, duk abin da ya samu a bakinsa zai haɗiye ya kai wa na ƙasa. Ya ce in cike ramin kafin ruwan sama ya sauka. Na yi dariya na ce Baba kai da ka yi ritaya har yanzu kana yi wa gwamnati gadi kyauta. Ya ce gadin cikinka nake yi, sakarai. Ya tafi. Ni kuwa sai na mai da abin wasa, duk wanda ya zo ɗiba in ce ya sa hannu ya ji bututu yana shan nono.

Damina ta shigo. Wata Alhamis na sauka ramin da sassafe na cika jarka biyu, kafin ta uku aka ɗauke ruwa. Mai babur ɗin da zai kai ni Maigatari yana ta yi min oda a bakin titi. Na fito da sauri, na ja langa-langa na tafi. Bayan azahar hadari ya haɗo a Maigatari, ruwa ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. Muka fake a ƙarƙashin wata tirela. Na sa hannu a aljihu zan ciro goro, sai na ji roba. Totuwar ce. Na tsaya ina kallon ta. Wani abokin aiki ya ce ko masarar ma na cinye ne na ajiye ƙashin don gobe. Aka yi dariya. Na mayar da ita aljihu.

Duk wanda ya zauna a irin layinmu ya san abin da ake yi in an yi ruwa mai ƙarfi. Kowa ya fito da sharar gidansa ya juye a kwata don ruwa ya tafi da ita. Wasu har ramin banɗaki suke buɗewa. Ni ma na sha yi. Da na dawo da la'asar sakaliya, ruwan ya ɗauke langa-langan, ramin ya cika fal da abin da ya gangaro daga saman layi. Na kwashe da bokiti. Da na kai ƙasa na ga hujin a buɗe, wata leda ta maƙale a bakinsa, rabinta ya shige ciki. Na zare ta. Na yanki wani itace na toshe. Ba wanda ya gan ni.

Kwana biyu ba a kawo ruwa ba. Kwana biyun nan su ne laifina, fiye da ramin, fiye da mantuwar. Da na je na gaya wa Baba, ko mai unguwa, da an bi gida gida an ce kada kowa ya sha. Gidan Baba taku ashirin ne daga nawa. Na wuce ta ƙofarsa ya fi sau shida. Ina tunanin za a kira duba-gari, a ce na fasa bututun hukuma, a kai ni gaban alƙali. Ina tunanin bakin matan layi, da yadda tsohon zai kalle ni. Na ce wa kaina ruwa ai shi ke wanke komai, zai wanke bututun ma.

Ran Asabar da safe matata tana wanki ta tsinci totuwar a aljihun rigata. Ta ɗaga ta ta ce Manaja, makullin ofis kake yawo da shi? To me ke rufe da bututun? Na ce waccan ta tsufa ne, na canja. Ta ɗan dube ni, ta kwance robar ta ajiye, ta jefa totuwar a murhu. Da hantsi aka kawo ruwa. Ya fara zuwa ja, na bar shi ya zuba har ya yi fari. Ta ce kamar yana ɗan wari. Na ce warin damina ne. Ta tace da ƙyalle ta cika randa. 'Yarmu tana Sule Tankarkar wurin kakarta tun sati guda, shi ne kawai ya cece ta. Ni kuma ban sha ba. Wannan nake so a rubuta daidai. Na ce mata ruwan lafiya lau ne, amma ni in ƙishi ya kama ni sai in fita in sayi ruwan leda. Na ga ta ɗauki moɗa ta sha a gabana, ban hana ta ba.

Ran Litinin amai da gudawa ya fara a gangare. Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli ce ta fara rasuwa, sai wata yarinya 'yar tela. Ran Talata ya kama matata. Na sa ta a Keke Napep na kai ta asibiti, wurin cike da mutanen layinmu, wasu a ƙasa. An yi mata ƙarin ruwa, an yi iya ƙoƙari. Idonta ya faɗa, fatar hannunta in ka ja sai ta tsaya. Ba ta yi min zancen totuwa ba. Ban sani ba ko ta manta ne, ko ta gane ta ƙyale ni. Ta ce in kula da yarinya, kuma akwai robar da ta ajiye min a kan taga. Ran Laraba kafin azahar ta cika. Ban yi kuka ba. Na ɗauke ta, aka yi mata sutura, muka kai ta. Na tsaya ina amsa gaisuwa kamar a gidan wani nake.

Ma'aikatan lafiya sun zo sun bi bututun har ramin. Suka tambayi wa ya tona. Mutanen layi suka ce kowa ma yana ɗiba. Mai unguwa ya ce ƙaddara ce, kuma mutumin nan shi ma ya yi rashi, a bar shi ya ji da abin da ke damunsa. Aka sauya bututun, aka cike ramin da siminti. Ran sadakar uku Baba ya zo ya zauna a ƙarshen tabarma. Da mutane suka ragu ya matso ya ce ɗana, ranar ruwan nan hujin a toshe yake? Na ce a toshe yake, Baba. Ya ce to, Allah ya ba da haƙuri. Ya dafa sandarsa ya tashi. Bara na ji ya rasu. Da ƙaryata ya tafi.

Ba ni da wa'azi. Abin da na sani kaɗan ne. Kada ka huda bututu, ko takardar kuɗin ta ɓata maka rai, je ka yi rigimarka a ofishinsu. Abin da ka juye a kwata ranar ruwa ba ɓacewa yake yi ba, gidan wani yake zuwa. In kuma ka riga ka yi ɓarna, ka buɗe baki a ranar. Kunyar da na guje wa ta kwana biyu ce, ko biyan tara, ko ɗaurin wata guda. Da yanzu an manta.

Na bar Gumel bayan arba'in. Tela har yau in mun haɗu a kasuwa shi yake fara miƙo min hannu, yana ce min ɗan'uwa a rashi. 'Yata tana wurin kakarta, ta shiga aji huɗu, an gaya mata ciwon ciki ne ya kashe uwarta. Ni ina Gagarawa, ina ban-ruwa a lambun wani mutum, ina kwana a ɗakin inji. Ba wanda ke ce min Manaja a nan.