Yadda Malama Ta Koya wa Ina-Zuwa Sa Hannu

Shekara talatin da ɗaya Malama ta yi tana koya wa 'yan aji ɗaya riƙe fensir. Duk wanda ya bi ta hannunta ana gane rubutunsa ko ya yi furfura, don haruffansa a tsaye suke, babu mai jingina da ɗan'uwansa. 'Yar ƙaramar mace ce mai tabarau da igiya a wuya, jan biro ba ya rabuwa da jakarta. Mutum ɗaya ne ya gagare ta gyara a duniya, shi ne kuwa wanda ta aura.

Ina-zuwa ake ce masa, kuma da bakinsa ya jawo wa kansa sunan. Famfo ya fashe, ina zuwa. Yarinya na zazzaɓi, ina zuwa. Ga tsayi ga riga mai karin guga, ya iya gaisuwa, ya iya raka baƙo har bakin titi, amma ko ƙusa bai taɓa kafawa a bango ba. Gidan da suke ciki, ɗaki uku da falo a ƙarshen layi, Malama ce ta tada shi daga tushe. Ita ta tsaya a kan magina ranakun hutu, ita ta yi faɗa da kafinta a kan kwanon rufi. Da aka zo yin takardar mallaka sai kunya ta kama ta. A ce gida da namiji a ciki, takarda babu sunansa? Ta sa aka rubuta sunaye biyu, nasa ma a sama.

'Yarsu tilo na da shekara goma ya samu hanyar fita ƙasar waje. Wata shida ya ce zai yi. Bayan shekara uku sai ga ƙaninsa da takardar saki a ambulan, kuma ita ce abu na farko da ya taɓa aikowa gidan. Can ya yi wani aure, ya haifi 'ya'ya uku.

Malama ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Lauya ta nufa, ya faɗa mata gaskiya tsirara: saki ya raba aure, bai raba takarda ba. A idon hukuma rabin gidan na Ina-zuwa ne, in ya mutu kuma na magadansa ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ya sa hannu a takardar sallamawa a gaban jami'in ofishin jakadanci, a buga hatimi, a aiko. Aikin rabin yini ne ga mutum mai kunya.

Shekara tara tana binsa. In ta kira sai ya ce, “Haba Malama, gidan namu? Ki bari in zo mu zauna mu yi magana.” Hoton ƙofar gidan ne a fuskar wayarsa. Da shi yake cika baki a gaban abokai, wai yana da gida na kansa, zaman nan na ɗan lokaci ne. Da ta sake fenti har saƙo ya turo, wai launin bai yi masa ba.

Ran nan tana cikin duba littattafan yara a ɗakin malamai sai ga kiransa, shi da kansa, murya kamar an jiƙa ta da zuma.

“Uwargida ran gida, an wuni lafiya?”

“Uwargidan wa? Faɗi abin da ya kawo ka, ina da aji.”

Ashe cika bakin ne ya kai shi ya baro. Gidan gwamnati yake zaune a can, irin wanda ake ba marasa muhalli, wani daga cikin abokan nasa ya kai ƙara cewa yana da gida a ƙasarsu. An ba shi wata biyu ya kawo shaidar ba shi da komai, ko a fitar masa da kaya. “In aka kore mu,” ya ce, “sai dai mu tattaro mu dawo, ai akwai ɗakuna.”

Malama ta ajiye jan bironta. Ta hango shi a falonta, ƙafa ɗaya kan ɗaya, da mata da yara uku, doka kuma ta ɗaure masa gindi. Tsoro ta ji na gaske, irin wanda ba ta ji ba ko ranar saki.

Cikin kwana goma takardar sallamawar ta iso da hatiminta. Mutumin da ya yi shekara tara yana zuwa, ashe ya san hanyar gidan waya. Malama ta kai ta ofishin filaye, wani dogon ɗaki mai benci biyu da fanka mai kuka. Jami'in ya ciro tsohon fayil, ya jera takardun biyu, ya daɗe yana kallo.

“Mama, wannan ba hannu ɗaya ba ne.”

Ta gyara tabarau ta leƙa. Sabon sa hannun wani cakuɗaɗɗen zane ne mai doguwar jela kamar ta ɓera. Tsohon kuwa sunansa ne cikakke, haruffa a tsaye, tsaf da su. Nan take ta tuna. Ranar da suka zo yin takardar, shekara ashirin da biyar baya, a bakin ƙofar ofishin nan ya hango wani aboki, ya ce mata, “Ina zuwa, in na daɗe ki sa mini kawai, ai duk ɗaya ne.” Ta jira shi awa uku. Da ta ga za a tashi, akawu ya juya baya, ta rubuta masa sunansa da hannunta.

“Ko dai ya aiko da wanda ya dace da wannan,” in ji jami'in, “ko ya zo da ƙafarsa, ko ku tafi kotu. Kotu kuwa ki sa shekara.”

Ba ta da shekara, sati shida ya rage. Ta ɗauki hoton tsohon sa hannun ta tura masa, ta ce ya kwaikwaya. Abin da ya turo da yamma ko ɗan aji ɗaya ba zai miƙa mata shi ba. Ta bugo shi a shagon kwafi, ta bi shi da jan biro, ta mayar masa.

Haka aka buɗe makaranta. Kullum in ta taso daga aiki sai ta jingina waya da kwalbar ruwa a kan tebur, ta rubuta sunansa a hankali yana kallo, tana nuna masa inda biro ke farawa da inda yake tsayawa. Sau goma, sau ashirin, har yatsunta su yi tsami.

“Ka miƙar da harafin nan, me ya sa yake kwanciya? Halinka ne har a rubutu?”

“Malama, ni fa ba yaro ba ne.”

“Da yaro ne ai da tuni ya iya. Sake.”

Ya sake. Ƙato da jiki, gemu ya fara fari, yana gumi yana koyon rubuta sunan da aka raɗa masa tun yana ɗan kwana bakwai. Iya aikin da ya taɓa yi wa gidan ke nan. A sati na uku Malama ta dubi takardarsa ta ce ba laifi, ya je ofishin jakadanci tun hannun bai manta ba.

Da sabon sa hannun ya iso ta kai ofishin filaye, wannan karon jami'in ya gyaɗa kai. Ya shiga ciki, ya fito da sabuwar takardar mallaka, suna ɗaya tak a kanta. Ya nuna mata layi.

“Sa hannu a nan, Mama.”

Ta karɓi biro ta duƙufa. Sai da ta yi haruffa uku sannan ta ga abin da take rubutawa. Sunan Ina-zuwa ne. Jami'in ya kalli takardar, ya kalle ta, ya kau da kai. Duk haushin da ta tara wa mutumin nan bai kai wanda ta ji na hannunta ba a wannan lokacin.

“Ɗana, yaga wannan ka bugo mini wata.”

“Sai kin jira fa, injin na da layi.”

“Zan jira.”

Ta koma benci ta zauna, jaka a cinya. Da aka kawo sabuwar ta ture biron ofis, ta ciro baƙin biro daga jakarta. Ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ta dafe ta da hagu, ta rubuta sunanta a hankali tana faɗin kowane harafi a fili.